Malamin Makaranta a Gidan Gwamnatin Kano

Duk lokacin da hira ta gangaro kan lalacewar makarantun gwamnati, ba a rasa wanda zai ce ai maganin abin ɗaya ne: a nemo wanda ya san aji, wanda ya sha ƙurar alli, a ba shi mulki. Magana ce mai daɗin ji, kuma tana da tushe a tarihinmu. Abubakar Tafawa Ɓalewa shugaban Midil ta Bauchi ne kafin siyasa ta ɗauke shi. Malam Aminu Kano ya koyar a Bauchi da Maru, kuma yana kan gaba wajen kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa a 1948. Sardauna Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato, Shehu Shagari ma daga aji ya fito. Saboda haka tun fil azal muna kallon malamin makaranta a matsayin wanda shugabanci ya dace da shi.

Mu Kanawa ba mu da buƙatar hasashe a kan wannan batu, domin mun gwada mun gani. Daga 2003 zuwa 2011 jihar tana hannun Malam Ibrahim Shekarau, mutumin da kusan duk rayuwar aikinsa a harkar ilimi ya yi ta. Ra'ayina a kan waɗannan shekaru takwas shi ne, Malam ya shiga gidan gwamnati da kyawawan halayen shugaban makaranta, kuma Kano ta ci moriyarsu. Amma aikin da shi kaɗai ya fi kowa cancantar yi, wato tayar da firamaren da ɗan talaka ke zuwa, bai samu kason da ya kamace shi ba daga hankalin Malam da ƙarfin gwamnatinsa. Ina faɗar haka ne ina mai girmama shi, kuma girmamawar ce ma ta sa ba zan auna shi da mudun da ake auna sauran ba.

An haife shi a Kano a 1955, mahaifinsa ɗan sanda ne. Ya karanta lissafi da koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya gama a 1977, ya fara koyar da lissafi a Wudil a 1978. Bai daɗe ba aka ɗora masa shugabancin makaranta yana saurayi. Daga Wudil sai Haɗeja, sai Birnin Kudu, lokacin nan duk suna cikin Jihar Kano tun ba a cire Jigawa ba a 1991. Sai Gwammaja, sai Kwalejin Rumfa a 1988. Ya shugabanci ƙungiyar shugabannin makarantun sakandare ta ƙasa baki ɗaya. Da ya koma ma'aikata, ya riƙe shiyyar ilimi ta Bichi, ya zama daraktan tsare-tsare da bincike da ƙididdiga, har ya kai matsayin babban sakataren ma'aikatar ilimi. Wanda ya bi wannan tsani babu lungun da bai leƙa ba. Ya san yadda ake kwangilar abincin 'yan kwana, ya san yadda malami ke kai ƙoƙon bara don kada a tura shi ƙauye, ya san bambancin adadin ɗaliban da ke cikin takarda da waɗanda ke cikin aji.

Yadda ya shiga siyasa ma labarin malami ne. A gwamnatin farko ta Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso an ɗauke shi daga kujerar babban sakatare aka mayar da shi koyar da lissafi a kwalejin share fagen shiga jami'a ta CAS. Mutane da yawa sun ɗauki wannan a matsayin horo. Ya je ya koyar, daga baya ya ajiye aiki a 2001. Da 2003 ta zo, guguwar Janar Buhari tana kaɗawa, batun Shari'a yana da zafi a zukatan jama'a, sai ga wanda aka mayar aji ya tsaya a ƙarƙashin jam'iyyar ANPP ya kayar da gwamna mai ci. Ba shi da kuɗin a-zo-a-gani, ba shi da daba. Ma'aikatan gwamnati da malamai da tsofaffin ɗalibansa da ke warwatse a ƙananan hukumomi 44 su ne suka zama masu yi masa kamfe ba tare da an biya su ba. Wanda bai ga farin cikin malaman makaranta a wancan lokaci ba, da wuya ya gane nauyin fatan da aka ɗora wa mutumin nan.

Abu na farko da shugabancin makaranta ya koya masa, kuma ya zo da shi, shi ne sanin darajar haƙƙin ma'aikaci. Wanda ya taɓa tsayawa gaban malamai talatin da ba a biya su ba, yana roƙonsu su shiga aji, ba ya wasa da albashi. A zamaninsa albashi ya daidaita, aka buɗe ƙofar ɗaukar aiki, aka fuskanci bashin 'yan fansho, aka kuma kafa asusun amintattun fansho na jiha da dokar 2006. Na san wani dattijo a unguwarmu, tsohon hedimasta, da ya yi shekaru yana yawo da fayil ɗinsa a cikin leda, takardun har sun yi laushi saboda yawan buɗewa da naɗewa. Kullum amsa ɗaya ce, ya dawo wani watan. Ranar da kuɗin sallamarsa suka fito, bai sayi komai ba sai da ya bi masu shago da masu hatsin da suke binsa bashi ɗaya bayan ɗaya, sannan ya sa aka gyara rufin ɗakin matarsa da ke yoyo. Har ya koma ga Mahaliccinsa ba a zagin Malam a gabansa. Masu cewa biyan haƙƙi ba aiki ba ne, su je su tambayi iyalan irin waɗannan bayin Allah.

Na biyu shi ne haƙuri da iya magana. Shugaban makaranta yana rayuwa ne tsakanin ɗalibai masu tawaye da iyaye masu ƙorafi da ma'aikata mai ba da umarni, dole ya koyi sauraro da lallashi. Malam ya sha zagi a gidajen rediyon Kano, kuma ba a san shi da mayar da martani cikin fushi ba. Ya zauna lafiya da fadar Sarki Ado Bayero, wadda ta naɗa shi Sardaunan Kano, ya jawo malaman addini na ɓangarori daban-daban a jiki. A 2007 ya zama gwamnan Kano na farko da aka sake zaɓa karo na biyu a jere. Da ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 2011, muhawarar da aka yi a talabijin ta sa 'yan Kudu da yawa suka fara tambayar wane ne wannan, duk da cewa na huɗu ya zo a zaɓen.

Sai dai akwai wani hali na uku da ya biyo shi daga makaranta, kuma a nan ne nake ganin aka karkata. Malam ya kalli Kano kamar wata babbar makarantar kwana da tarbiyyarta ta yi rauni, shi kuma shugabanta ne da zai tsaya a taron safe ya yi nasiha. Daga wannan tunani aka haifi shirin A Daidaita Sahu a 2004, ƙarƙashin jagorancin Malam Bala Muhammad. Alluna a kan tituna, faɗakarwa a rediyo, tarurruka a unguwanni, duk a kan gaskiya da riƙon amana da tsafta da kunya. Aka ba Hisba gindin zama da doka, aka kafa hukumar Zakka da Hubusi, aka hana mata hawa acaɓa aka kawo babura masu ƙafa uku, waɗanda har gobe da sunan shirin ake kiransu. Daga 2007 hukumar tace finafinai ta matsa wa 'yan fim da marubuta lamba, har aka ƙona littattafan soyayya na Hausa a bainar jama'a.

Ban raina niyyar ba. Al'ummar da babu amana a cikinta ba ta ci gaba, kuma wasu daga cikin abubuwan da shirin ya yi kira a kai gaskiya ne tsantsa. Amma Malam ya fi ni sanin cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Magidanci mai shekara arba'in da ya saba tauye mudu ba allon kan titi ne zai canza shi ba. Wurin da gwamnati take da cikakken iko a kan tarbiyyar ɗan Adam shi ne aji, daga shekara shida zuwa sha biyu, awa biyar ko shida kullum. Da rabin hazaƙa da kuɗi da lokacin rediyon da aka zuba wajen gyara manya an juya su wajen firamare, da yaran wancan lokaci, waɗanda yau su ne matasan Kano, sun fito daban. Batun ƙona littattafai kuwa har yau yana yi mini ciwo. A jihar da babbar matsalarta ita ce yara ba su iya karatu ba, 'yan matan da ke ɓoye littafi a ƙarƙashin filo su ne shaidar cewa wani ya iya karatun. Idan abin da ke ciki bai dace ba, aikin malami shi ne ya ba su wanda ya fi shi, ya tara marubutan ya zauna da su, ya sa gasa, ya cika ɗakunan karatu.

Wanda yake son ya fahimci abin da nake nufi, ya shiga kowace firamaren gwamnati a cikin unguwannin da ke cike da jama'a. Na shiga wata a ƙarshen wancan zamani, aji biyar. Yara sun cika ɗaki har bakin ƙofa, mafi yawansu a ƙasa, wasu sun shimfiɗa buhu, masu zama a taga sun toshe hasken. Malama tana gaba da tsumagiya, ta rubuta jimla a allon da fentinsa ya koɗe, tana faɗa suna amsawa da ƙarfi har ginin yana amsa kuwwa. Wanda ke waje zai ce karatu ake yi sosai. Da aka tashi na kira wani yaro mai wayo a fuska, na rubuta masa "Audu ya tafi kasuwa" a bayan littafinsa. Ya duba, ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Shekara biyar yana zuwa makaranta da yunifom, uwarsa tana ba shi kuɗin tara, bai iya haɗa baƙi da wasali ba. Malamar ba muguwa ba ce. Ita ma haka aka koyar da ita, kuma ko da ta fi kowa ƙwarewa ba ta da yadda za ta yi da wannan taro.

Yadda aka kai ga haka ba ɓoyayyen abu ba ne. Tun shirin UPE na 1976 aka buɗe ƙofar makaranta ga kowa ba tare da an tanadi isassun malamai ba. Daga baya aka rushe kwalejojin horon malamai masu ba da shaidar Grade II, aka ce sai mai NCE, kwalejojin ilimi kuma suka zama matattarar waɗanda suka rasa gurbi a jami'a. Albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi ta asusun haɗin gwiwa, don haka ɗaukar malami ya zama hanyar da ciyaman da kansila ke saka wa magoya baya. Sufetocin da a da hedimasta ke rawar jiki in ya ji ƙarar babur ɗinsu suka zama 'yan zaman ofis saboda babu kuɗin mai. Dokar ilimin bai-ɗaya, wato UBE, ta 2004 ta kawo kuɗi daga Abuja, amma mafi yawansu gini da kujeru suke tafiya, domin a nan kwangila take.

Duk wannan da na lissafa, wa ya fi tsohon daraktan tsare-tsare da ƙididdiga saninsa? Injiniya ko lauya ko soja in ya zama gwamna, ana iya rufe masa ido da rahoto mai kyau da yara masu rera waƙar maraba. Malam ba a iya yi masa haka. Shi ne gwamnan da zai iya tara malaman firamare ya ce musu za a gwada kowa, wanda ya gaza za a koyar da shi, wanda ba zai koyu ba a canza masa aiki, kuma su yarda domin nasu ne yake magana. Jihar Kwara ta yi wa malamanta irin wannan gwaji a 2008, 'yan ƙalilan ne suka haye, abin ya girgiza ƙasa amma aƙalla an san inda ciwon yake. Kaduna ta yi nata a 2017 da ƙarfin tuwo, ta sallami malamai sama da dubu ashirin, aka yi ta rigima da ƙungiyar malamai. Kano ta samu damar da babu jihar da ta samu, ta yin wannan tiyata a hannun likitan da majinyacin ya amince da shi, kuma damar ta wuce.

Adalci ne a faɗi cewa ba a zauna haka nan ba. An gina azuzuwa, an ɗauki malamai, an buɗe sababbin makarantun sakandare. Kano tana cikin jihohin da suka shiga shirin Bankin Duniya na gyaran ilimi a 2007 da kuma shirin ESSPIN na Birtaniya da ya fara a 2008. Gwamnatinsa ce kuma ta fara jawo alarammomin tsangaya a jiki da mutunci, ta zauna da su a matsayin malamai masu daraja maimakon kallonsu a matsayin matsala, kuma wannan tunani ne mai kyau da ya cancanci a ɗora a kai. Ƙidayar 2006 ta nuna Kano tana da mutum sama da miliyan tara, kullum kuma ƙaruwa ake yi, ga baƙi daga maƙwabta. Duk ajin da aka gina bana, baɗi ya cika ya batse. Na yarda da wannan uzuri har zuwa wani matsayi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce an yi iyakar abin da za a iya. Da firamare ce gwamnatin ta sa a gaba, da sunan shirin karatun yara ne zai zauna a bakin mutane har yau.

Akwai kuma batun da ba zai yiwu a yi maganar shekarun Malam a tsallake shi ba, wato dakatar da rigakafin shan-inna daga 2003 zuwa Yulin 2004. Tsoron mutane yana da dalili. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, wasu suka mutu, wasu suka nakasa, kuma gwamnatin Malam ce ta kai kamfanin kotu har aka yi sulhu a kan dala miliyan 75 a 2009. Wannan abin a yaba ne. Amma a kan rigakafin, Kano ta fi kowace jiha daɗewa a kan ƙin yarda, sai da aka kawo maganin daga Indonesiya sannan aka ci gaba. Kafin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, kuma shakkar da aka shuka ta ɗauki shekaru ana fama da ita, domin sai 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da cutar. Magoya bayansa suna cewa ya saurari jama'arsa ne, kuma da ya tilasta da abin ya fi muni. Ni kuwa ina ganin a nan ne aka fi buƙatar malamin lissafi, mai auna hujja, wanda zai yi amfani da amanar da malamai da talakawa suka ba shi ya gajarta wannan jira. Wata goma ko fiye a rayuwar jariri ba ƙaramin lokaci ba ne, kuma akwai matasa a Kano yau da ke jan ƙafa tun daga wancan lokaci.

Muhawarar da aka saba yi a Kano ba ta taɓa waɗannan wurare. 'Yan Kwankwasiyya su ce Malam bai bar aiki a ƙasa ba, su nuna gadoji da azuzuwa masu bene da jami'ar Wudil da ta Northwest da ɗaliban da aka tura waje. Mutanen Malam su ce shi ɗan Adam ya gina, su kuma nuna matatar ruwa ta Tamburawa da asibitocin Giginyu da na titin gidan Zoo da ya fara, Ganduje ya kammala. Kowane ɓangare yana da abin nunawa. Amma an yi ciyarwa da yunifom kyauta, an yi A Daidaita Sahu, an yi shelar ilimi kyauta kuma dole a 2019, sai ga shi a 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Gwamnoni huɗu, shekara ashirin da biyar, kuma tambayar da ba a yi wa ko ɗayansu a dandalin kamfe ba ita ce, yara nawa ne cikin ɗari suke iya karanta shafi guda in sun gama aji huɗu, kuma nawa ne lokacin da ka karɓi mulki?

Abin da ya biyo bayan 2011 bai ƙara wa hoton haske ba. Ɗan takararsa, Malam Salihu Sagir Takai, ya faɗi a hannun Kwankwaso. Malam yana cikin waɗanda suka haɗa APC a 2013, ya fice zuwa PDP a 2014 da aka miƙa ragamar jam'iyyar a Kano ga abokin hamayyarsa. Shugaba Jonathan ya ba shi ministan ilimi a Yulin 2014, kuma cikin 'yan kwanaki malaman kwalejojin kimiyya da fasaha suka janye yajin aikin da suka kusa shekara suna yi, abin da ya sake nuna baiwarsa ta zama da mutane. Amma ƙasa da shekara guda ya yi a kujerar, ga Ebola da ta sa aka ɗage komawa makarantu, ga zaɓe a gaba. Daga nan sai APC a 2018, sai kujerar Sanatan Kano ta Tsakiya a 2019, sai rigima da Ganduje, sai NNPP a watan Mayun 2022, sai PDP bayan wata uku. Kowace ƙaura yana da bayaninta, kuma wasu bayanan suna da ƙarfi. Sai dai a duk waɗannan rigingimu, a kan rabon muƙamai da tikiti da shugabancin jam'iyya aka ɓata. Ina fata a ce ko sau ɗaya an ji Malam ya bar wata jam'iyya saboda ta ƙi saka kuɗi a firamare.

Malam yana raye, Allah Ya ƙara masa lafiya, kuma har yanzu in ya yi magana ana saurare. Akwai aikin da ya rage wanda babu mai iya yin sa kamarsa. Ya zauna ya faɗa mana dalla-dalla, a rubuce ko a rediyo da Hausa, abin da ya tarar a ma'aikatar ilimi ranar da ya dawo mata a matsayin gwamna, abin da ya yi niyyar yi, da abin da ya tare masa hanya. Su wa suka hana a tantance malamai? Nawa ne ke zurarewa tsakanin asusun haɗin gwiwa da aljihun malamin ƙauye? Me ya sa gwamna ya fi samun sauƙin gina aji goma a kan ya tabbatar malami ɗaya yana shiga aji kullum? Kwamishinonin ilimi na Kano da Jigawa da Katsina da Zamfara duk suna fama da waɗannan tambayoyi a yau, wasu daga cikin manyan jami'ansu ma ɗalibansa ne na Rumfa da Birnin Kudu, kuma in shi ya kira su za su zo.